Robar hana wari ta magudanar banɗaki: inda take aiki da inda sayenta asara ne

An fasa tsohon daɓe, an shimfiɗa tayil, an kafa sabon masai na zama da shawa da kwanon wanke hannu, ma'aikata sun kwashe kayansu sun tafi. Bayan sati biyu ko uku, duk wanda ya tura ƙofar banɗakin da asuba sai ɗoyi ya tare shi. A wanke da bilic, a watsa kafur, a kunna turaren wuta, ya lafa na awa biyu ya dawo. A nan ne ake ba maigida shawara ya leƙa kasuwar Ƙofar Ruwa ko shagunan kayan famfo na Sabon Gari a Kano ya sayo robar hana wari, ɗan abin nan da ake cusawa a bakin magudanar ƙasa. Kaya ne mai amfani, kuɗinsa bai kai na buhun siminti ba, kuma idan ya faɗo a kan matsalarsa a rana ɗaya yake kashe ta. Sai dai ƙofa ɗaya tak yake rufewa, alhali ƙofofin da wari ke bi ya shigo sabon banɗaki sun fi biyar. Wanda ya saya bai gwada ba, sa'a kawai yake nema.

Abin da ke raba hancinka da ramin masai ba siminti ba ne, ba kuma tayil ba ne. Ɗan ruwa ne da ke kwance a lanƙwasar bututu, wanda ake kira tarkon ruwa. Shi ne ruwan da kake gani a gindin masai bayan an kora. Kowace mafita a banɗaki tana buƙatar nata: masai, kwanon wanke hannu, magudanar ƙasa, har da bututun injin wanki idan akwai. Zurfin ruwan da ake so shi ne milimita 50, wato inci 2, kuma na kwanon wanke hannu da ya haɗu da babban bututu an fi so ya kai milimita 75. Gidajen Kano kusan duka a kan ramin masai da sokawe suke, ko kuma ruwan wanka ya fita kwata. Babu wata tazara mai yawa tsakanin ramin da ɗakinka, saboda haka da zarar ruwan nan ya ƙafe, hanya ta buɗe wa iskar rami, ta buɗe wa kyankyaso da ƙananan ƙudajen nan masu gashi da ke manne a bangon banɗaki.

Magudanar ƙasa da aka fi sakawa a gyaran zamani ita ce murabba'in nan mai ƙyalli, santimita 10 kowane gefe. Tana da kyau a ido, amma ka ɗaga murfin ka duba cikinta. Wata babu komai a ƙasanta sai bututu inci 2 da gwiwa, wato mahaɗin bututu mai kwana wanda ba ya riƙe ruwa. Wata tana da ɗan kofi da aka kifa a kan zobe, ruwan da yake riƙewa bai wuce faɗin yatsa ba. Irin wannan a damina yana iya daɗewa bai bushe ba, amma a hunturu, lokacin da tufafi ke bushewa a igiya kafin azahar, ko a zafin Afrilu da ake haura maki 40, kwanaki kaɗan suka ishe shi ya ƙafe idan ba a wanka a wurin. Shi ya sa banɗakin ɗakin baƙi, wanda ya fi kowanne tsafta, ya fi kowanne wari. Don irin wannan magudanar aka ƙera robar, kuma a nan ba mu da abin kushe mata.

Iri uku ake samu a kasuwa. Ta farko hannun riga ce ta silikon mai laushi, bakinta na ƙasa a matse: ruwa ya zo ya buɗe shi, ya wuce ya sake mannewa. Ta biyu ƙwarya ce ta roba mai tauri ko tagulla, da marfi a ƙasa wanda sifirin ko maganaɗisu ke mayarwa. Ta uku kofi ne mai zurfi da ke riƙe ruwa na gaske, wani lokaci haɗe da marfi.

A cikinsu mun fi yarda da ta silikon ga gidan da ake yawan wanka. Ba ta da ƙarfen da zai yi tsatsa, ana zaro ta da yatsu biyu a wanke, kuma ba ta buƙatar ruwa kafin ta rufe. Aibinta shi ne gashi. Silin gashi uku ko huɗu da suka haɗu da daskararren sabulu sun isa su tokare bakin ya zauna a ɗan buɗe, warin ya dawo, mutum ya ce kayan jabu ne alhali wanki take nema. Akwai kuma masu kama da ita da aka yi da roba mara kyau. Wajen saye ka matse bakin ka saki: ta gaske takan koma ta haɗe nan take ba tare da haske ya ratsa tsakanin leɓɓanta ba, ta banza takan tsaya da ɗan wawulo tun tana sabuwa. Mai sifirin ita ce muka fi shakka. Bilic da ruwan sabulu suna cin sifirin, in ya mutu marfin ya rataye, kuma babu wanda zai lura domin a ɓoye yake. Mai maganaɗisu ta fi ta daɗewa, sai dai tana tara ƙurar ƙarfe da yashi a bakin marfi, kuma idan ruwan da ke zuwa kaɗan ne, irin na alwala da buta, wani lokaci nauyinsa ba ya isa ya buɗe ta sosai, sai ya ɗan taru kafin ya sauka. Kofi mai zurfi shi ne mafi kusa da gyara na asali, amma yana son fili a ƙasa, kuma yawancin magudanun da aka saka a kan gwiwa kai tsaye ba su da wannan zurfin.

Dukkansu suna rage gudun ruwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a gidan da ake wanka da bokiti ana sheƙa ruwa lokaci ɗaya, ko ake wankin yara a banɗaki. Idan gangaren tayil ɗin dama bai yi kyau ba, robar za ta sa ruwa ya kwanta har bakin ƙofa, kuma ruwan banɗaki da ya dawo ƙafar mai alwala magana ce ta tsarki, ba ta ƙyama kaɗai ba.

Kafin a sayi komai, a yi gwajin da ba ya cin ko sisi. Fara da hanci, domin wari iri-iri ne kuma kowanne da gidansu. Mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai iskar rami ce. Zarni daban yake, yana nuna fitsari ya sami wurin ɓuya a ƙarƙashin masai ko a tsagar tayil. Warin fumfuna, irin na tsumman da ya kwana a jiƙe, na danshi ne a cikin bango ko daɓe. Mai tsami kamar ruwan kal na sabon silikon ne, shi da warin gam ɗin bututu kwanaki kaɗan suke yi su tafi da kansu. Wanda ya fara a hankali, ya tsananta, ya kuma fi ƙarfi daga sama, a leƙa silin: ɓera ko tsaka ne ya mutu bayan an rufe wurin. Robar magudana na farkon kaɗai take taɓawa.

Sai tocila. Cire murfin magudana ka haska. In ka ga ruwa, tsoma tsinken tsintsiya ka auna inda ya jiƙe. In babu ruwa sai duhun bututu, ka sami wanda ake zargi na farko, amma kada ka yanke hukunci tukuna. Samo leda mai kauri da salatif mai faɗi, busar da tayil ɗin, rufe magudanar ruf ta kowane gefe. Buɗe taga awa ɗaya warin da ke ciki ya fita, sannan ka rufe taga da ƙofa, kada kowa ya shiga sai washegari. Wanda zai shiga ya shaƙa ya zama ya fito daga waje ne, domin hanci yana sabawa da wari cikin 'yan mintuna. Idan warin ya ɗauke, je ka sayi robar da kwanciyar hankali. Idan yana nan, bar ledar a wurinta, ka toshe kwanon wanke hannu, har da ɗan ramin da ke samansa na ambaliya, a sake kwana ɗaya. Ɗaya bayan ɗaya ake yi. Wanda ya rufe duka lokaci guda bai san wanda ya yi laifin ba.

Yawanci a kwana na biyu ko na uku ake gane cewa magudanar ba ta da laifi. Kwanon wanke hannu na yawan faɗowa a nan, saboda bututun nan mai kama da maƙogwaro da ake ja ya miƙe. Mai aiki yakan miƙe shi sambal daga kwano zuwa bango don ya yi kyan gani, ko ya soka bakinsa mai inci 1 da kwata cikin bututu inci 2 ya bar sarari kewaye. Na farko ba shi da tarko, na biyu ko da tarko iska tana fitowa ta gefe. Gyaran shi ne tarko mai siffar kwalba, da robar da ke cike tazarar bututun biyu. Tura leda ko tsumma a wurin ba gyara ba ne.

Wanda ya fi wahalar da mutane shi ne haɗin masai da bututunsa mai inci 4, kuma gyaran banɗaki shi ke haifar da shi. An ɗora sabon tayil a kan tsoho, ƙasa ta tashi da santimita 2 ko 3, bakin masai ya daina daidaita da bututun da ke bango. Ko an sayo masai mai fita ta ƙasa alhali nisan ramin daga bango bai yi daidai da nasa ba. Maimakon a samo robar haɗi mai karkata, sai a tura ta ƙarfi, leɓɓan robar su naɗe, a liƙe waje da farin siminti. Ruwa ba lallai ya zubo ba, tunda ƙasa yake bi, amma iska tana fita ta saman haɗin. Alamarsa: ruwan gindin masai yana nan daram, amma in ka durƙusa ka kai hanci bayansa warin ya fi ƙarfi. Kama masan da hannu biyu ka girgiza. In ya motsa ko kaɗan, mai yiwuwa haɗin ya riga ya saki. Kunna turaren tsinke ka riƙe shi kusa da haɗin, taga da ƙofa a rufe, wani ya kora ruwa a wani banɗakin: idan hayaƙin ya karkace ko ya tsotsu ciki, akwai kafa. Babu gajeriyar hanya a nan. Sai an kwance masan, an kankare simintin, an saka sabuwar robar haɗi daidai da girmansa, an ɗaure shi da kusoshinsa, sannan a zagaye gindin da silikon. Masu zaunar da masai a kan kwaɓin siminti kaɗai su ne ke jawo zarnin da ba ya jin wanki, domin siminti yana shan fitsari.

Masai na tsuguno ma a duba shi. Da yawa daga cikinsu ba su da tarko a jikinsu, daban ake saka musu a ƙasa. In ka haska ba ka ga ruwa a kwance ba, gwiwa aka saka kawai, kuma wannan sai an fasa.

Akwai kuma matsalar da ke sa tarko mai kyau ya rasa ruwansa ba tare da zafi ba. Cika bokiti mai lita 10 ka sheƙa a masai lokaci ɗaya, wani ya tsaya yana kallon magudanar ƙasa da kunne a kwanon wanke hannu. Idan aka ji ƙululu, ko ruwan tarkon ya yi rawa ya ragu, bututun yana neman iska bai samu ba sai ya zuƙe ta ta cikin tarko. Samar da iskar nan aikin bututun numfashi ne, wanda ke hawa ta bayan gini ya wuce rufi. A gyare-gyare sau da yawa ana yanke shi saboda ya ɓata fuskar gini, ko a toshe shi, ko ya ƙare dab da tagar banɗakin sama, iska ta riƙa maido da warin ciki. Ƙa'idar da aka sani ita ce bakinsa ya ɗara kowace taga da ke cikin tazarar mita 3 da aƙalla milimita 900, a sa masa hula mai raga don tsuntsu da sauro. A gidajen da suka matsu da juna, irin na cikin ganuwa da Fagge da Kurna, a lura da tagar maƙwabci ma, haƙƙi ne. Abin ban haushi shi ne robar silikon takan ɓoye wannan matsalar a magudana ba tare da ta gyara bututun numfashin ba. Fankar zuƙe iska ma tana ƙara abin: a banɗakin da ƙofarsa ta matse ƙasa ba sarari, fankar za ta jawo iska daga duk kafar da ta samu, har ta bututu. A bar sarari kamar santimita 1 a ƙasan ƙofa.

Idan warin na damina ne, musamman a Agusta, kuma masai yana jinkirin sauka, a buɗe cembar da ke waje, wato ɗan ramin nan mai murfi da bututu ke bi kafin ya kai ramin masai. Ruwa a tsaye a cikinta yana nufin sokawe ta cika ko hanya ta toshe. Bayan gyara, abin da ya fi toshe ta shi ne ruwan siminti da gutsattsarin tayil da ma'aikata suka wanke cikin magudana; ya daskare a gwiwa, ƙazanta ta riƙa maƙalewa a kansa. Bututu inci 4 yana son gangare kamar santimita 2 da rabi a kowace mita. In an kwantar da shi ba gangare, ko ya lotsa a tsakiya, ba ya wanke kansa.

Mu faɗi wannan da babbar murya: kada kowa ya sauka ramin masai ko sokawe, kada a zura kai ciki, kada a kunna ashana ko a ƙona tsumma a bakinsa da sunan gwajin hayaƙi. Iskar ciki tana kama wuta, kuma mai warin ƙwan nan idan ta yi yawa tana kashe jin wari kafin ta kayar da mutum, sai wanda ya shiga ceto shi ma ya faɗi. Haka nan kada a bi bilic da asid ɗin wanke tayil a magudana ɗaya. Haɗuwarsu tana fitar da iska mai ƙona huhu, a ɗaki ƙarami mara taga.

Idan an bi duk wannan ba a gano ba, saura abin da ke ɓoye: tsohon bututu da aka daina amfani da shi aka bar bakinsa a buɗe bayan tayil, ko haɗin da aka manta ba a sa masa gam ba, ko siririn bututun ruwan na'urar sanyaya ɗaki da aka soka cikin bututun masai ba tarko. Tsohuwar dabarar masu aikin famfo tana aiki har yau: a zuba man na'a-na'a kamar mililita 60 ta bakin bututun numfashi, a bi shi da ruwa mai zafi kamar lita 10, ba tafasasshe ba don kada ya lanƙwasa bututun roba, a rufe bakin. Wanda ya zuba ba zai shiga gidan ba, tunda ƙamshin yana jikinsa. Wani daban ya bi bango yana shaƙa. Inda ƙamshin ya fito, nan za a fasa, tayil biyu ko uku maimakon bango guda. Kuma idan warin ƙwai yana zuwa ne kawai lokacin da aka buɗe ruwan zafi, a tari ruwan a kofi a fita da shi tsakar gida a shaƙa. In yana wari a can, daga hita ne: ƙwayoyin cuta ne a cikin tankinta, ruwan rijiyar burtsatse da ya daɗe a kwance yana taimaka musu, kuma wanke hitar ake yi, magudana ba ruwanta.

To, a ce gwajin leda ya nuna magudana ce. Kada a tafi kasuwa da ƙiyasi. Auna faɗin cikin bakin da za ta zauna, mafi yawa milimita 50 ne, wasu 40, wasu 75, ka kuma auna zurfin daga baki zuwa inda gwiwa ta juya. Robar da tsayinta ya wuce wannan zurfin za ta naɗe a gwiwa ta kasa rufewa. Wasu na silikon ana iya rage su, amma ba ta ɓangaren bakin da ke mannewa ba. Idan murfin yana cirewa, tafi da shi shagon a gwada a gabanka. Sayi biyu, ɗaya ta zauna a ajiye.

Kafin a cusa, haska ka duba abu ɗaya da ke kayar da wannan kaya fiye da komai: shin jikin magudanar ya shiga cikin bututun, ko kuwa an ɗora shi ne a sama da rami tsakani, siminti tsirara kewaye? In akwai wannan ramin, ruwan wanka yana shiga ƙarƙashin tayil kullum, daɓen ya jiƙe ya yi ɗoyi, iskar bututu kuma ta bi ta gefen robar da layukan tayil ta fito. Za ka ga alamar a layukan da ke kusa, sun yi baƙi ba sa bushewa, ko fenti yana kumbura a bangon ɗakin da ke maƙwabtaka. A nan robar sai ta zauna a cikin bututun kansa, ba a jikin murfi ba, a kuma cike ramin da siminti mai maganin hana ruwa, a bar shi ya bushe sosai, a bi da silikon. In daɓen ya riga ya sha ruwa da yawa, cire magudanar a sake zaunar da ita ya fi.

In komai lafiya, a goge bakin bututun da burushi da ruwan ɗumi, a tura robar har kafaɗarta ta zauna ba karkace, a sheƙa bokiti ɗaya a ga saurin sauka, a sake kwana ɗaya ƙofa a rufe. Duk sati biyu a zaro ta a cire gashi. A gidan da mata da yawa ke wanke kai, duk sati. Banɗakin da ba a shiga kuma, ko da robar, a riƙa zuba lita 1 na ruwa a kwanon wanke hannu a kuma kora masai sau ɗaya a mako, musamman daga Disamba zuwa Mayu. Idan za a rufe gida na wata ɗaya ko fiye, kamar lokacin aikin Hajji, a zuba cokali biyu na man jarirai a kan ruwan kowane tarko, yana rage ƙafewa.